Ciyawar Bunahla da Ruwan Asabar

Litinin, 10 ga Fabrairu, bayan la'asar

An ja ƙuri'a. Mu za mu karɓi Najmul Mina a gida, ranar Juma'a sha huɗu ga Maris.

A shagon gahawar Si Lahdar muka saurara. Shi ne shugaban ƙungiya, don haka ya ɗora rediyon a kan buhun sukari ya hana kowa tari. Da mai sanarwa ya ce Amal Bunahla, wato ƙungiyarmu, sannan ya kira sunan 'yan babban birni, sai kujeru suka tashi sama. Mu 'yan rukuni na uku, masu zuwa wasa a bayan motar ɗaukar dabino, mun kai zagayen 'yan goma sha shida a Kofin Ƙasa, kuma masu riƙe da kofin ne za su tako har garinmu. Kowa ya rungume kowa. Sai da hayaniya ta lafa na lura ana satar kallona ɗaya bayan ɗaya, kamar na zubar da miya a riga.

Na shanye gahawata na fito. Me suke so in ce? Ni mai kula da fili ne. Shekara ashirin da bakwai ina zana layi da farar ƙasa, kuma duk wanda ƙuri'a ta kawo layin ɗaya ne. Ko wane ne yake tsaron ragarsu, ba ruwana.

Ni ban kira kowa ba. Ƙuri'a ce.

Talata, 11 ga Fabrairu, hantsi

Na zaga filin sau biyu, ban ji daɗin abin da na gani ba. Ciyawar da muka shuka bara waccan ta koma launin tsohuwar tabarma. Tun watan jiya aka mayar da tankar da ke kawo mana ruwa ƙauyukan da rijiyoyinsu suka ƙafe, kuma ba zan ce ba su fi mu buƙata ba.

Si Lahdar ya same ni a tsakiyar fili da takarda a hannu, yana haki. Kwamiti zai zo duba fili ranar huɗu ga Maris. In ba su tarar da koriyar ciyawa ba, za a ɗauke wasan a kai babban garin lardi, tafiyar kilomita ɗari huɗu. Ya ƙara da cewa wataƙila hakan ma ya fi wa kowa sauƙi. Takalminsa yake kallo lokacin da ya faɗa.

"Sauƙi ga wa, Si Lahdar?"

"Ka san abin da nake nufi, Si Buziyan."

"Ban sani ba. A nan za a buga."

Ya tambaye ni da wane ruwan. Na ce da nawa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, bayan azahar

Na je bakin idon ruwa wurin Si Ɗayyib mai tasa, wanda ke auna wa kowane lambu lokacin ruwansa, da shaidu biyu kamar yadda ake yi. Yana zaune inda ubansa ya zauna, bokiti a gabansa, tasar tagullar nan mai huda tana shan ruwa a hankali. Na jira ta nutse, ya ƙulla ganyen dabinonsa ya sake ɗora ta, sannan na yi magana. Na ce rabona na Lahadi da na Laraba, tasa goma sha biyu kowace rana, a juya shi daga lambuna zuwa filin ƙwallo.

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce ruwan da ke fitowa daga idon nan na abin da ake ci ne, mutum ya ci ko dabba ta ci, haka ya gada kuma haka zai bari. Ya tambaye ni gidan wa aka taɓa dafa ciyawar ƙwallo. Na ce bara ɗansa ya faɗi a kanta da baki sau uku a wasa ɗaya, bai kuma yi ƙorafi ba. Shaidun suka kwashe da dariya, shi ko gezau. Ya ce in kai maganar gaban dattawa ranar Litinin.

Tsohon nan tun muna yara ban taɓa ganin haƙorinsa ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu, hantsi

Daga cikin lambu ina jin ruwan Asabar yana wucewa ta magudanar bayan katanga, ya nufi lambun masallaci. Tasa shida ne. Marigayiya matata ce ta ba ɗanta tun tana raye, kuma tunda mai shi ba ya gari, masallaci ke sha har ranar da zai tsaya da ƙafarsa gaban mai tasa ya faɗi inda yake so a kai. Shekara shida ke nan.

Si Lahdar ya biyo ni har nan, wai dattawa za su iya ɗaga mini ƙafa a kan wannan shidan tunda ni uba ne. Na ce masa ko ciyawar za ta kama da wuta ba zan taɓa ɗigon ruwan wancan ba, kada ya sake kawo mini maganar.

Na duba 'ya'yan dabino bakwai da na dasa da kaka, waɗanda na cire daga jikin bishiyar da marigayiya ta fi so. Sun kama. Gobe za su sha, bayan nan kuma sai yadda Allah ya yi.

Litinin, 17 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na ci zagayen farko, na dattawa nake nufi.

A inuwar katangar masallaci suka zauna cikin alkyabbunsu, su biyar. Na bar su suka gama karanta mini abin da na sani tun ina goye. Sannan na tambaye su ko ciyawar da ake shuka wa tumaki a ƙarƙashin dabino tana da haƙƙin ruwa. Suka ce tana da shi. Na ce to filin ƙwallo kiwo ne, duk abin da na yanka zan kai wa dabbobin gari, ko tsinke ba zan zubar ba.

Can Si Ɗayyib ya ce shi bai taɓa ganin dabba ta ci wannan ciyawar ta Turawa ba, kuma ba ya yanke hukunci da jin kunne. Haka muka ɗunguma, dattawa biyar da rabin kasuwa, aka jawo tunkiyar liman da igiya har da'irar tsakiya. Wallahi ko a bugun fenariti gabana bai taɓa faɗuwa kamar yadda ya faɗi ina kallon bakin tunkiyar nan ba. Ta shinshina, ta juya mana baya, ta yi abin da tumaki ke yi, sannan ta sunkuya ta tsinka ta hau tauna.

'Yan wasa suka ɗaga ta sama sai ka ce ita ta zura ƙwallo. Si Ɗayyib ya dubi dattawa ya ce, "Kiwo ne. Ku shaida."

Laraba, 19 ga Fabrairu, bayan azahar

'Yan wasa da kansu suka haƙa magudana daga lambun ƙarshe zuwa fili, taku ɗari biyu, cikin yini biyu. Iyayen uku daga cikinsu sun je gaban mai tasa sun ara mana rabin ruwansu. Yau da hantsi na biyo ruwana daga bakin ido da fartanya a kafaɗa, yadda kowane mai ruwa ke bin nasa har inda za shi. Da muka iso mararrabar lambuna ruwan ya so ya shiga inda ya saba. Na toshe da hannuna, muka wuce.

Ƙasar filin ta sha har tana ƙara.

Mas'ud, kyaftin ɗinmu, mai gashin burodi ne, kuma ya fi iya burodi da buga fenariti. Ya matso ina wanke ƙafa, ya kira ni Ammi, wato baffa, ya ce, "Ammi Buziyan, golan nan nasu, ta wane gefe ne ba ya iya faɗawa?" Na ce ban san shi ba. Na ɗauki fartanyata na juya, sai kawai na ji bakina ya ce hagunsa, ƙasa-ƙasa, tun yana ɗan shekara tara.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, bayan magariba

Yaya Mubaraka ta zo, ko mayafi ba ta cire ba. Ita ce babba, kuma kashi ɗaya cikin uku na lambun nan nata ne, don haka na san ba gaisuwa ta kawo ta ba. Ta wanke ni tas. Ta ce ubanmu ya mutu da kanta a tafin hannu wajen gyaran magudana, ni kuma na kwashi ruwansa na shayar da wurin guje-gujen ƙartai. Na bar ta ta gaji. Can sai ta sauke murya, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

"Buziyan, in ɗanka kake son gani, ga gidan waya can."

"Ciyawa nake shayarwa, Yaya."

"Kai ma ka san ba su ba shi saƙon rasuwar uwarsa ba sai da aka tashi daga wasan. Duk garin nan an sani."

"Na sani."

"To?"

To me? Yanzu na sani. Ranar da muka dawo daga maƙabarta, ƙasar kabarin ba ta gama bushewa a hannuna ba, rediyon kowane shago yana ihun sunansa, a ranar ban sani ba. Da ya sauka a tasha washegari na rantse a gaban mutane cewa ba zan ƙara kiransa garin nan ba, ko da baki ko da takarda. Sauran abin da na faɗa masa ba zan rubuta ba.

Duk da haka ta bar mini kwanon kuskus a bakin ƙofa, da kabewa, yadda nake so.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, la'asar

Kore ya fara leƙowa ta gefen arewa. A nan za a buga.

Talata, 25 ga Fabrairu, bayan azahar

Lokacin sa wa matan dabino furen namiji ya yi, kuma ba ya jiran kofi. Na hau bishiya tara yau, gwiwoyina suna tsine mini. Daga saman ta ƙarshe ana hango filin gaba ɗaya, ya yi kyau ƙwarai. Na daɗe a can fiye da yadda aikin ke buƙata. Ragar gabas nake kallo. Lokacin da filin yake tsurar ƙasa akwai wanda ke dawowa gida kullum da gwiwar hannu a kuje, uwarsa tana shafa masa man zaitun tana zagina.

Da na sauko na ga biyu daga ƙananan dabinon sun fara sunkuyar da kai. Na zuba musu ruwan alwalata.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, bayan la'asar

Zan rubuta yadda abin ya faru.

Muna masallaci, duk wani namiji na garin nan yana masallaci, Yaya ta buɗe ƙofar fili ta kora awakinta ciki. Matan unguwarsu da suka ga haka suka biyo da nasu. Da na iso na tarar da awaki sun fi sittin. Ita akuya ba ta tsinkar ciyawa kamar tunkiya, tumɓuke ta take yi har saiwa. Gaban ragar gabas, inda ta fi laushi, sun mayar da shi kamar tsakiyar kan Si Lahdar.

Tana zaune a bencin 'yan canji da sandarta, ko kunya babu.

"A gaban dattawa ka ce kiwo ne, ko ƙarya ka yi musu?"

"Yankakkiya na ce, Yaya."

"Awakina ba su ji wannan wurin ba. Ruwan ubana ne, rabona suka zo ci."

Aka kira Si Ɗayyib. Ya ce gaskiyarta, kiwon da ya sha ruwan gado ba a hana mai gado shigar da dabba, su kuma sauran awakin biyo sahu suka yi, ba a shari'a da akuya. Na rantse na ga gefen bakinsa ya motsa. Tarkon da na ɗana wa dattawa ni ya kama, kuma duk garin sun gani.

Ni na kore su da hannuna har ta ƙarshe. Saura kwana huɗu. Raina ya ɓaci fiye da yadda zan iya faɗa, amma ban yi kuka a gaban kowa ba.

Asabar, 1 ga Maris, hantsi

Ruwan Asabar ya wuce ta bayan katanga. Ban kalle shi ba.

Lahadi, 2 ga Maris, bayan magariba

Yini biyu muna yanko ciyawa da ƙasarta daga bayan layi muna toshe inda aka ci, kamar masu yi wa tsohuwar riga faci. Mas'ud ya rufe gidan burodinsa, yau garin da gurasar gida aka karya. Tsakiya ta rufu, ragar yamma ta rufu. Ta gabas ba ta samu ba, abin facin ya ƙare. Na share, na daɓe, na yayyafa ruwa.

Yaya ta aiko da kuskus. Na mayar.

Talata, 4 ga Maris, bayan la'asar

Sun zo su uku cikin kwat, ɗaya da igiyar awo. Sun auna tsawo, sun auna faɗi, sun girgiza shingen waya, sun leƙa ɗakin canza kaya. Ina biye da su ina jin kamar cikina suke aunawa. Babbansu ya tsaya a gaban ragar gabas ya daɗe, sannan ya ɗaga ƙafa ya duba ƙasan takalminsa. Duk sharar da na yi, ashe awakin sun bar mini tsaraba.

"Malam, wannan filin wasa ne ko makiyaya?"

"Duka biyun, ranka ya daɗe. Da shaidar dattawa biyar."

Si Lahdar ya taka mini ƙafa. Suka ci gasasshen ragonsa, suka yaba dabinonmu, suka ce za mu ji ta waya.

Alhamis, 6 ga Maris, azahar

Mun ji. Ba a amince ba. An kai wasan babban garin lardi.

Juma'a, 7 ga Maris, bayan magariba

Akwai ƙofa ɗaya, in ji Si Lahdar. In baƙin da kansu suka rubuta cewa sun yarda su buga a filinmu yadda yake, kwamiti zai janye. Ba a taɓa yi ba, don babu babbar ƙungiyar da za ta bar fili mai kyau ta zo wurin awaki. Amma wai golan nan shi ne kyaftin ɗinsu yanzu, maganarsa na shiga. Layi biyu kawai suke so in rubuta masa.

Na ce a'a.

Suka turo liman. Ya zaunar da ni ya ce rantsuwar da ta raba uba da ɗa karya ta ya fi riƙe ta lada, in ciyar da miskinai goma ko in yi azumin kwana uku, shi ke nan. Na ce na ji, Allah ya ƙara sani.

Sai Mas'ud, shi bai roƙe ni ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da gari a gashin hannunsa ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa ganinsa yana wasa da manya ba, kuma ƙafarta ba za ta ɗauki tafiyar ɗari huɗu ba. Ya ce sai da safe, Ammi. Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba.

Duk sun ɗauka taurin kai ne. Su ɗauka.

Asabar, 8 ga Maris, bayan asuba

Ba yunwar kwana uku nake tsoro ba. In na kira bai zo ba fa?

Lahadi, 9 ga Maris, bayan azahar

Si Ɗayyib ya tambaye ni ko yau a mayar da ruwan lambu, tunda magana ta ƙare. Na ce wa ya ce masa ta ƙare? Na biyo ruwana har fili, mutane na kallona daga shagon gahawa kamar sabon kamu. Wani ya ɗaga murya ya tambaya ko awaki zan gayyato su buga. Na ce in sun zo shi zan sa a raga, ya fi kama da turke.

Huɗu daga ƙananan dabinon sun bushe. Na ja ganyen tsakiyar ɗaya, ya biyo hannuna. Na nemi gafarar marigayiya a zuciyata. Ban san ko ita ma za ta ce mini mahaukaci ba.

Litinin, 10 ga Maris, la'asar

An ce an ga Yaya ta fito daga gidan waya, ita da ba ta taɓa riƙe kan tarho ba a rayuwarta. An ce ta daɗe a ciki, kuma ana jin muryarta har bakin titi. Ban tambaya ba. Ba ni na aike ta ba.

Kuskus ya sake zuwa. Na ci.

Laraba, 12 ga Maris, bayan azahar

Ina tsakiyar fili da ruwa har idon sawu na hango Si Lahdar a guje, hula a hannu, tumbi a gaba. Najmul Mina sun rubuta sun yarda. Jibi, a Bunahla, ƙarfe uku.

Ya kama kafaɗuna yana so ya gaya mini yadda aka yi, wai golansu ya ce in ba a nan ba su nemi wani ya tsaya musu. Na ce ya ɗaga ƙafarsa daga kan ciyawata, ruwa take sha.

Da ya tafi na zauna a bencin 'yan canji. Tsufa ne kawai.

Alhamis, 13 ga Maris, bayan magariba

Na yanka ciyawa na kai wa tunkiyar liman buhun farko, haƙƙinta ne. Na zana layi sau biyu, ban taɓa zana madaidaici irin na yau ba. Motarsu ta shigo da la'asar, duk gari ya tafi tarya. Ni ina ɗakin ajiya ina ɗinke raga, kuma ragar tana buƙatar ɗinki da gaske.

Juma'a, 14 ga Maris, bayan magariba

An ci mu ɗaya da nema. Mun fita daga kofi.

Ban taɓa ganin mutane haka ba. Kan katanga, kan dabino, mata cike da rufin makaranta, an ɗauko mahaifiyar Mas'ud a kujera. Har aka tafi hutun rabin lokaci ba su ga ragarmu ba, 'yan birnin da ake nunawa a jarida suna zamewa a facin da muka yi. Bayan an dawo da kamar rabin sa'a suka zura mana da ka.

Wurin tsayuwata shekara ashirin da bakwai bayan ragar gabas ne, kusa da bokitin farar ƙasa, kuma ba zan sauya shi don kowa ba. Da aka juya, shi ya zo ragar gabas. Taku biyar tsakanina da bayansa. Ya yi faɗi. Akwai furfura biyu-uku a ƙeyarsa, ba wanda ya gaya mini.

Saura minti bakwai aka kayar da ɗan wasanmu a cikin gidan gola, alƙali ya nuna fenariti. Mas'ud ya ajiye ƙwallo, ya kalle ni, ya buga ta hagu, ƙasa-ƙasa, daidai inda na ce. Sai ga shi ya miƙe a kan tsurar ƙasar nan ya ture ta da yatsu. Duk Bunahla ta kama kai tana salati, ni kuma na ji bakina ya ce, "Haka ake yi!" Allah ya sa hayaniya ta rufe.

Ya tashi da jini a gwiwar hannu. Da ƙwallo ta koma can gaba, bai juyo ba, ya yi magana kamar da turken raga yake yi.

"Baba, gidan nan naka babu ciyawa."

"Awakin gwaggonka ne."

"Ta faɗa mini." Na ga kafaɗunsa suna motsi. "Kai ka ce musu hagu?"

"Ni na ce."

"Na gyara ta tuntuni."

"Na gani."

Shekara shida, iyakar abin da muka ce ke nan. Da aka tashi mutane suka haɗiye shi, ni kuma na kwance raga na tattara tutocin kwana. An ce motarsu da asuba za ta tashi. Bai zo gida ba. Ban sa rai ba.

Jallul. Ga shi na rubuta sunansa.

Asabar, 15 ga Maris, bayan azahar

Na ji tashin motarsu bayan sallar asuba. Na ɗauki fartanya na tafi lambu, don aiki ba ya zaman makoki. Biyar daga cikin bakwai sun mutu, na fara tone su. Biyu suna nan da sauran rai.

Da hantsi na ji ruwan Asabar yana tahowa. Na ci gaba da tonona ina jira ya wuce ta bayan katanga kamar kullum. Bai wuce ba. Sai na ji shi yana shigowa magudanata, kuma Si Ɗayyib bai taɓa kuskuren rana ba tun da aka haife shi.

Na tafi mashigar da fartanya a hannu. Dunƙulen laka ɗaya ya isa ya toshe ta, na ma ɗebo. Da na ɗaga kai sai ga Jallul yana biye da ruwan, wando a naɗe har gwiwa, tsumma a ɗaure a gwiwar hannu, fartanyar aro a kafaɗa, ya riƙe ta kamar bai taɓa barin garin ba. Yaya na can baya da sandarta tana yi kamar dabino take dubawa. Ya tsaya a bakin ƙofar lambu, bai shigo ba. Ruwan dai bai jira kowa ba, ya riga ya taɓa ƙafata.

"Tasa shida ne kawai, Baba. Ina zan fara?"

Lakar tana hannuna. Na daɗe ina kallonta, sannan na manna ta a gefen magudana inda take yoyo. Na ce ya fara da ƙananan biyun can na kusa da bishiyar uwarsa, kuma ya bi a hankali, ba ƙwallo ba ce.

Ni ban kira kowa ba. Ruwansa ya biyo.